Hajo Ta Turke Dodon Ciyawa

"Lafiya lau, maigidan da ba a ganinsa sai wayarsa ta mutu. Ya rashin aski?"

"Da godiya, tsohuwa. Ya ragowar haƙora?"

"Sun ishe ni cizon marar kunya. Matso ka gani."

Hajo na zaune kan tabarma a tsakar gidanta a Daura, tana tsince wake. Jikanta Ikrima ya yi wani rabin durƙuso, idonsa na kan ƙofar ɗaki. Tun jiya ya bar wayarsa a wurinta, don ɗakinta ne mai sola. Saurayi ne da ya gama sakandare, da hannunsa da ƙafarsa, amma wai sana'arsa kiwon dodanni a cikin waya. Ba nono, ba taki, ba a kai su kara a sayar. Yau bayan la'asar zai buga karon ƙarshe na gem ɗin, wato wasan faɗan dodannin, da Badaru ɗan mai shayi, kuma sun yi alkawari gaban abokai cewa duk wanda aka kayar za a yi masa aski tal a bakin titi. Sumar nan tasa kuwa, da ya tara kamar sheƙar shamuwa, ko uwarsa ba ta isa ta taɓa ba.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wayar yana fito. Kafin ya iso tabarma fiton ya tsaya.

"Wa ya taɓa mini waya?"

"Aljanu. Sun ce a gaishe ka."

"Hajo, ina abincin da na tara? Tun kafin azumi nake tara shi."

"Yana cikin cikin mai buƙata."

Ba ta ko ɗago kai ba. Da safe ne wayar ta yi haske tana wani kuka, ta leƙa ta ga wani ɗan abu kamar rago, ganye a kansa, haƙarƙari duk a waje. Gefensa ga wani ƙaton kwaɗo, tumbi kamar randa, ga abinci jibge an hana mai yunwa. Macen da ta yi rayuwarta tana turkar raguna, ita za a ce ta kalli wannan ta yi shiru? Ta sa yatsa ta yi ta dannawa har abincin ya ƙare. Ina laifinta a nan?

"Kin ba dodon ciyawa? Duka?"

"Ɗanlele sunansa. Dube shi yanzu, har wuya ya ninke. Da a kara ne, da dillalai sun yi dambe a kansa."

"Kwaɗon nan shi ne dodon ruwa, shi nake wa tanadi. Karon ƙarshe da wanda ya fi girma ake shiga, ba ni da zaɓi. Yanzu wannan buhun ganyen ne babba."

"To ka shiga da shi mana. Ko kunyarsa kake ji don ya fi ka ƙiba?"

"Badaru dodon wuta gare shi. Ki saurara, ko Allah zai sa ya shiga. Ruwa yana kashe wuta. Wuta tana cinye ciyawa. Ciyawa tana shanye ruwa."

"Ciyawa tana shanye ruwa? Je ka gonar kawunka a Sandamu ka gaya wa geron da ruwa ya kwantar bara. Yana can yana jiran labari."

"A cikin gem nake nufi."

"A cikin gem ba Allah ɗaya ba ne?"

"Ba ni na tsara ba. Akwai na lantarki, shi ma yana cin na ruwa. Na ƙasa kuma yana cin na lantarki."

"Lantarkin garin nan ba sai an nemo masa ƙasa ba. Hadari na haɗowa yake sumewa da kansa."

"Akwai na ƙanƙara..."

"A Daura? Kafin ya iso filin daga ya zama na ruwa. Sai ka sa masa siga ka ƙulla a leda."

Ikrima ya dafe kai, yatsunsa suka nutse cikin sumar har suka ɓace.

"Wallahi yau zan sake ki. Saki uku, har da na gobe."

"Da wane auren? Mijin da garkensa duka bai cika aljihu ba. Ni da na auri kakanka, bijimi ya ɗauka a wuya daga Baure har nan, bai sauke ba sai da ya yi sallama."

"Shi ya sa ya mutu da wuri, ya gudu."

"Ya dai ga irin jikokin da ke tafe, ya ce ba da shi ba."

Ta ture tiren wake gefe, ta miƙa wuya kan wayar kamar mai taya rago.

"Kai ba ka san ciyawa ba, shi ne matsalarka. Busasshiya ce ke cin wuta. Ɗanlele ɗanye ne shar. In wuta ta taɓa shi hayaƙi zai yi. Hayaƙi ya shiga idon dodon Badaru, ya kama tari, ya nemi hanyar gida."

"Babu tari a gem."

"Akwai yunwa babu tari? To miƙo shi nan in yayyafa masa ruwa, ya ƙara ɗanyanta."

Ta jawo buta. Ikrima ya cusa wayar cikin riga ya ja baya har ya kusa zama cikin wake.

"Ki ajiye butar nan, don girman Allah."

"Ka ce ruwa ke kashe wuta. Ga ruwa kyauta kana gudu. Wane irin makiyayi ne kai?"

Ana sallame la'asar saƙon Badaru ya shigo: ya shirya, aska ma ta shirya. Ikrima ya so ya fita zaure, Hajo ta riƙe masa gefen riga. Ai mai dabba ba a kai dabbarta fage a bayan idonta. Dole ya zauna kusa da ita, ta ɗora haɓa a kafaɗarsa.

Ɗanlele ya shigo fili yana rangaji, da ƙyar yake ɗaga ƙafa. Can gefe ga na Badaru, wani ja mai kama da ƙadangare, wutsiya na ci bal-bal.

"Wannan ne? Wannan ramammen? Badaru ba ya tsoron Allah. Ɗanlele, zauna masa a kai."

"Ba ya jin ki."

"Yana ji. Ya san hannun da ya ci da shi."

Ikrima ya danna. Ɗanlele ya jefa ganye, ganyen ya ƙone tun a sama. Ƙadangaren ya buɗe baki sau ɗaya, fuskar wayar ta yi ja. Da ta washe, sai ga Ɗanlele a kwance, ƙafafu sama, baƙi ƙirin.

Ikrima ya shafa sumarsa a hankali, daga goshi har ƙeya.

"An babbake shi?" in ji Hajo.

"An babbake."

"Hayaƙin fa?"

"Ko tari bai yi ba."

Ta ƙara leƙa wayar. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta miƙa hannu.

"To ina naman?"

"Wane nama?"

"Ni na yi kiwo, Badaru ya yi babbaka, kai ka yi kallo. Kan dabbar da ƙafafunta rabona ne, ko a gaban alƙali. Ka ce masa ya aiko tun da zafinsu, kada ya ce zai cinye mini dabba shi kaɗai."

Ikrima ya kalle ta, ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta kayar da shi kan tabarma har da buga ƙafa.

"Na ji, kin ci. In an gama aske ni zan biya wurin mai balangu in sayo miki."

"A sa yaji da yawa. Kuma ka sa hula kafin ka shigo mini gida. Ina da kaza mai neman kwanci, kada ta ga kan nan ta hau."