Rasuwar Fiyanon Madam Noelene da Maɓallinsa Mai Taurin Kai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da garin katako, iyalan Madam Noelene Pappalardo, malamar kiɗa ta garinmu, suna sanar da rasuwar fiyanonta, wanda rai ya yi wa halinsa a tsakiyar daminar nan. Gara ce ajalinsa. Ta cinye shi ta ciki, yana tsaye da hoton biki a kansa kamar lafiya lau.

Marigayin ya shigo garin nan a bayan motar rake tun Noelene tana amarya. Mai haƙuri ne. Ya sha duka a hannun 'ya'yan manoma bai taɓa kai ƙara ba. A kansa ta yi suna wajen kiɗan nan na mutanen da, masu soyayya da tarin fuka, wanda ake kaɗawa ido a lumshe. Kowa ya san wurin nan dab da ƙarshen kiɗan da take rufe taron shekara da shi a falonta: takan tsaya cak, hannu a sama, har mata su laluɓo hankici, sannan ta sauke sauti ɗaya, tim. Garin nan kaf ya yarda shirun nan daga ƙasan ranta yake fitowa. Alhali wani maɓalli ne da laima ta kumbura, in an danna shi sai ya ga dama yake tasowa, ita kuma dole ta jira shi kafin ta sake dannawa.

Des mai gyaran sauti ya taɓa cewa zai kankare shi. Ta ce, "Des, taɓa shi ka ga yadda ake fita ta taga." Bai sake tayar da maganar ba.

Marigayin ya bar kujera mai ɗingishi, da maigida Sal, wanda ya ce shi dai kunnensa ya yafe masa, da ɗalibai birjik, kowannensu yana tsayawa cak a wurin nan na kiɗan. Ɗaya ta je jarrabawar kiɗa a birnin Brisbane, ta tsaya, aka tambaye ta ko mantuwa ta yi.

Tun ranar rasuwar Noelene take zaune a teburin kicin tana danna katako da yatsu, tana neman tsawon shirun. Wani zubin ya yi tsawo, wani zubin ya gajarta. Tsoro take ji, domin ba ta taɓa auna shi da kanta ba.

Za a ɗauki gawa ranar Juma'a a taraktar Sal zuwa juji, bayan injin rake. Akwai shayi da kek. Kada a kawo furanni, a kawo maganin gara.

Taron shekara yana nan ranar Asabar a zauren gari, a kan sabon fiyano wanda duk maɓallansa masu biyayya ne. Ana roƙon jama'a, in Noelene ta iso wurin ta tsaya, a yi kuka yadda aka saba. In kuma ta wuce, kada kowa ya kalli na kusa da shi.