Yadda Gwamnan Babban Banki Zai Hana Mahaifiyarsa Shiga Layin Cire Kuɗi

Ranka ya daɗe, ka fito a talabijin ka ce wa jama'a su kwantar da hankali, bankuna lafiya lau. Madalla. Saura mutum ɗaya: Hajiya mahaifiyarka, wadda ta ce gobe za ta kwashe ajiyarta. In aka gan ta a layi, garin duka zai bi bayanta, bankuna su bushe, kujerarka ta tafi. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin nasara.

1. Je da ƙafarka
Kada ka aiki direba. Bar jiniya a ofis, cire takalmi, zauna a ƙasa. Bari ta gama tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya.

2. Ɓoye hannunka
In ka ce mata tattalin arziki yana farfaɗowa, za ta ce, "Na gan ka jiya, kana magana kana sosa kunne. Haka ka yi ranar da ka fasa min madubi." Danne hannuwanka da cinya. Masana sun tabbatar uwa ta fi 'yan jarida haɗari.

3. Kada ka kawo takarda
Zanen da ke nuna tattalin arziki ya yi sama na ministoci ne. Hajiya za ta juya shi ta yi fifita.

4. Gano mai zuga ta
Maƙwabciyarta ce, wadda surukinta ya ji a bakin wani mai gadi. Kafa kwamiti ka sa ta a ciki. Ba a taɓa jin ɗan kwamiti ya ce akwai matsala ba.

5. In ta ɗauki mayafi
Lokacin gaskiya ya yi. Ka ce, "Hajiya, in kika je, korata za a yi."
Za ta ce, "Sai me? Allah ke ciyarwa."
Ka ce, "Gidan gwamnati ne nake ciki. Nan za mu dawo, ni da matata da yaran duka, har mai koyon busa sarewar nan."
Za ta dubi falonta, ta dubi labulenta, ta ninke mayafin ta ce, "Kuɗin ma ba wani na a zo a gani ba ne. A bar su."

Gargaɗi: in kuwa ta yi murmushi ta ce, "Bismillah, ɗakinka ma an share," to babu ruwana. Ni shawara na bayar, ban san kewar jikokin ta kai haka ba.