Baƙin Akwati da Igiyar Buta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so mantawa ma mutanen unguwarmu ta Lamisula ba za su bar ni ba, da wata Asabar da na tara jama'a a falona su sha kiɗa, aka tashi ni ne abin kallo.

A shekarun casa'in da 'yan kai ne. Ina koyarwa a wata sakandare, albashi ba yabo ba fallasa, amma ina da wani suna da nake ji da shi fiye da takardar shaidar karatuna: Mai Kunne. Duk wanda zai sayi rediyo ko rakoda a unguwa sai ya zo ya ɗauke ni mu tafi tare. In tsaya a gaban kayan, in lumshe ido, in karkata kai, can in ce, "Wannan muryarsa a shaƙe take." Shi ke nan, ciniki ya mutu. (Masu shaguna da yawa sun tsane ni, kuma yanzu na fahimce su.) Ni ne na fara mallakar na'urar faifan sidi a layinmu, da amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, da lasifika biyu da suka kusa kai mini ƙugu.

To, wata rana wani malami abokin aikina ya ara mini tsohuwar mujallar kayan sauti. A ciki na karanta cewa kiɗan da ke kan faifan sidi lambobi ne zalla, kuma akwai wani ɗan abu a cikin na'urar da yake mayar da lambobin nan sauti. Wai na cikin na'urar ƙarami ne, mai araha, masu kunne na gaske sukan sayi nasu daban, akwati guda, su jona daga waje. Da Turanci wai ana kiransa "dak". Ina ganin kalmar "masu kunne na gaske" na ji kamar da ni ake. Tun daga ranar kiɗan gidana ya daina yi mini daɗi, alhali da safen ranar ma na ji shi garau.

Na yi ta cigiya har na samu labarin wani mai kawo kayan gwanjo daga Ikko yana da irinsu guda uku a shagonsa. Shi kansa bai san mene ne ba, ya jera su ne tare da na'urorin daidaita wuta. Kwana uku ina zarya. Akwai fari siriri, akwai mai ruwan toka da maɓallai rututu, akwai wani baƙi ƙato mai fitila ɗaya tal. In ɗaga wannan in ajiye, in ƙwanƙwasa wancan in kara kunne kamar mai zaɓen kankana. Shagon ba shi da na'urar sidi ballantana a gwada, amma hakan bai hana ni lumshe ido ba. A ƙarshe na ɗauki baƙin, saboda ya fi nauyi, kuma a ilimina na lokacin abu mai nauyi ba ya ƙarya.

Na kawo shi gida a bayan babur, rungume kamar jariri. Matata Falmata ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, wannan kuma me yake yi?"

"Yana fito da abin da ke ɓoye a cikin kiɗa."

"To. Ka tuna da igiyar butar shayina da ta ƙone?"

"Zan sayo," na ce. (Karo na biyar ke nan da na faɗi haka.)

Na durƙusa bayan kantar da kayan kiɗan suke kai, na yi jone-jonena ni kaɗai. Akwai Bukar mai gyaran rediyo a bakin layi, abokina ne tun firamare, amma ina Mai Kunne zai kira makaniki? Na ja waya daga na'urar sidi zuwa akwatin, na ja wasu daga akwatin zuwa wani rami da na gani a sake a bayan amfilifaya, fitila ta kama, na sa faifan waƙoƙin Sudan da na fi so. Jama'a, sai da na yi ƙwalla. Na ji abubuwan da ban taɓa ji ba. Don kada ƙura ta taɓa shi na karɓi wani ƙyalle mai ado a wurin Falmata na lulluɓe shi ruf, har fitilar.

Mako biyu ina cika baki a majalisa, har abokai suka gaji suka ce to a gwada musu. Na sa ranar Asabar bayan la'asar. Bukar ya zo, Alhaji Modu dillalin shanu ya zo, da malamai biyu daga makarantarmu. Ana cikin zama sai ga sallamar surukina, Baba Kyari, mahaifin Falmata, ya biyo don ya duba jikokinsa. Dattijo ne mai kunne ɗaya da rabi, sai an ɗaga murya yake ji sosai. Na ba shi kujerar tsakiya, wadda na auna da taku tsakanin lasifikan biyu.

Na yi ɗan jawabi a kan lambobi. Sannan na danna, na koma gefe na lumshe ido.

"Kun tuna yadda waƙar nan take a da?" na ce. "To ku saurari gangar nan yanzu."

"Wallahi ta fito," in ji ɗaya malamin.

"Ni har numfashin mawaƙin nake ji," in ji ɗayan.

Alhaji Modu, wanda bai yarda a bar shi a baya ba ko a kasuwar shanu, ya gyara hula ya ce, "Ai ni kamar a gabana suke. Mai gogen nan ma daga hagu yake zaune."

Zuciyata fari fat. Na ƙara da cewa idan suka natsu za su ji zoben makaɗin yana taɓa bakin ganga. Duk suka natsu, duk suka ji. Bukar kaɗai ne yake ta leƙen bayan kanta, na ɗauka hassada ce ta masu sana'a.

Sai na juya ga surukina. "Baba, yaya ka ji?"

"Na'am?"

"Na ce yaya ka ji kiɗan?"

Ya ƙara saurarawa, ya ce, "Ɗana, ni dai kamar wanda ka sa mini da Sallah."

Nan ne ya kamata in yi shiru. Amma wanda Allah ya nufa da jin kunya, bakinsa ne ke kai shi. Na yi wani murmushi na tausayi, a gaban mutane, na ce wa mahaifin matata, "Ai Baba, abin sai kunnen da ya saba." Har yau in na tuna wannan murmushin sai in ji kamar in nutse.

Daidai nan Falmata ta yi sallama ta shigo da tire, ta durƙusa ta gaishe da mahaifinta, ta zuba masa shayi. Ya kurɓa ya gyaɗa kai.

"Yawwa. Yau babu warin hayaƙi irin na rannan."

"Ai na koma butar lantarki, Baba," ta ce. "Na samu igiya."

Ni kuwa, don a san ina kula da gida, na ce, "Au, kin sayo ne?"

"A'a, Malam. Ta baƙin akwatin nan naka na zare, bakinsu iri ɗaya ne. Na ga kiɗan bai tsaya ba, na ce ashe ba ya buƙatarta. Yau kwana tara."

Ta ɗauki tirenta ta fita. Mawaƙin Sudan bai san abin da ake ciki ba, ya ci gaba da rera abinsa, da numfashinsa, da zoben makaɗinsa.

Bukar ya tashi a hankali, ya yaye ƙyallen. Fitila a mace. Ya juyo da bayan akwatin kowa ya ga ramin wuta wayam. Sannan ya bi wayoyin da yatsa, ya ce, "Malam, ko da igiyar ma ba ta nan kiɗan yake bi ba. Tsofaffin wayoyinka suna nan ba ka cire ba, kuma ba ka murɗa amfilifaya zuwa sabuwar hanyar ba. Tun ranar da ka kawo shi, akwatin nan bai yi aikin komai ba sai kunna fitila."

Alhaji Modu ya fara duban silin. Malamin da ya ji numfashi ya tuna yana da baƙi a gida. Ni kuwa gumi ya jiƙe mini riga sharkaf, ga fanka tana juyawa.

Bukar bai ƙyale ni ba. Ya aika aka karɓo igiyar daga kicin, ya jona komai yadda ya dace, ya ce in juya baya. Zai riƙa murɗawa tsakanin tsohuwar hanya da sabuwa, ni kuma in faɗi wacce ce. Sau shida ya murɗa. Na lumshe ido, na karkata kai, na yi duk abin da na saba. Sau biyu na dace. (Bukar ya ce ko akuya aka tambaya za ta samu uku.)

Duk wannan abin Baba Kyari bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya shanye shayinsa, ya miƙa kofin, aka ce ai ruwan zafi ya ƙare, igiya tana falo. Ya dube ni da irin murmushin da na yi masa ɗazu, ya ce, "Ɗana, ka mayar mata da igiyarta. Shayin dai kowa ya ji bambancinsa."

Na zare ta da hannuna na kai kicin.

Sunan Mai Kunne bai mutu ba, sai dai ya sauya aiki. Har yau idan wani ya cika baki a majalisa, sai a ce, "A duba ko a jone yake." Akwatin yana nan, Bukar ya ce mai kyau ne ƙwarai, kuma na yarda da shi tunda ni ba ni da hanyar sani. Abin da na koya shi ne, kafin ka raina kunnen dattijo, ka leƙa bayan kantarka tukuna. In kuma matarka ta ce ka sayo igiyar buta, ka sayo tun a karo na farko.