Yaƙin Alhaji Barau da Idon Kwamfuta

Da sunan Mai Sama muke buɗe tarihin sadauki ɗan sadauki, Alhaji Barau na Kazaure, ɗan Jatau mai baƙin gemu, jikan Magaji wanda aka ce tarinsa kaɗai kan watsa kasuwa. Toron giwa, ingarman 'yan fansho, ma'abocin himma da alfarma, wanda bayan furfura ta ci kansa da yaƙi ya ɗaura ɗamarar neman digiri ta intanet daga tsakar falonsa.

To, a jami'ar nan na'ura ce ke rubuta waɗanda suka halarta, kuma fuska take dubawa a ƙarshen darasi. Aka aiko da gargaɗi: ran Talata in ba ta ga fuskar Barau ba, ba shi ba jarrabawa. Alhali bawan Allah bai taɓa fashi ba! Tarbiyya ce ta ja masa. Da Dokta Nafi'u, malaminsu, ya bayyana a allo, sai Barau ya tuɓe takalmi ya zube a tabarma, don a gidansu ba a zama kafaɗa da kafaɗa da malami. Ƙoƙon hularsa kaɗai duniya ke gani.

Talata ta zo, aka ja daga. Ya sauko da kwamfutar kan tabarma gabansa, sai ya farga: ya ajiye malami a ƙasa! A'uzubillahi. Ya mayar da ita tebur ya karkato murfin, sai ga Dokta ya sunkuyo masa kamar mai gaisuwa. Wannan kam ta fi ta farko muni. Gumi ya jiƙa shadda, matarsa Hajiya Dije ta leƙo daga madafa.

"Haba Alhaji, hau kujera mana, hoto ne fa!"

"Allahu Akbar!" in ji sadauki. Ya yunƙura, ya haye kujera kamar mai tsallake ganuwa, fuskarsa ta cika allo.

Dokta Nafi'u ya ƙura ido, sai ya gane hedimastan da ya koya masa baƙi da wasali a firamare.

"Ranka ya daɗe!"

Kafin ka ce kwabo, Dokta ya sulale daga kujerarsa ya durƙusa. Barau ya ga malami a ƙasa, ina shi ina kujera? Ya zube shi ma.

Haka sauran ɗalibai suka zuba ido har aka tashi, huluna biyu na tambayar juna gajiya da iyali, kowace na jiran 'yar'uwarta ta fara ɗagowa. Na'ura kuwa, da ba a koya mata ladabi ba, ta rubuta cewa Barau bai zo ba, malamin ma bai zo ba.