Tukunyar Kakannina

Komai tsufana, ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa tukunya turare a gaban matan Utaibiyya, unguwarmu a Makka, ba.

Lokacin motoci sun fara ƙwace wa raƙuma hanyar Jidda. Maigidana yana haƙa harsashi don mu bar ɗakin gwangwani mu koma na dutse, sai magirbi ya ci karo da tukunya can ƙasa, zurfin ƙugun mutum. Da na wanke ta na ga zanen igiya a wuyanta, irin wanda uwata ke murzawa a kan ɗanyen yumɓu a ƙasar Katsina. Na rungume ta kamar na tsinci zinariya.

Akwai dalili. 'Yata Rabi ta daina amsa mini da Hausa. Yara na kiranta Takaruniyya, baƙuwar jiya, ita kuma in na ce "Rabi" sai ta ce "Na'am ya ummi" tana kallon ƙasa. Na ce to ga shaida Allah ya tono mini.

Na gayyato maƙwabta shan shayi, Hausawa da Larabawa da matan ƙasar Jawa. Na shimfiɗa darduma, na ɗora tukunya a tsakiya, na kewaye ta da hayaƙin turaren wuta kamar amarya. (Ban yi karatu ba, amma in ana maganar baki, a unguwar nan ba a kai ni.) Na ce wannan ginin kakanninmu ne, tun kafin Turkawa su san hanyar Makka. Na ce duk inda aka ga wannan zane, Bahaushe ya kwana a wurin. Har sunan maginiyar na kusa ƙirƙirowa. Rabi na raɓe a bakin ƙofa, na ga ta ɗago kai.

Sai Hala Salha, tsohuwar Balarabiyar da ke sayar mana da nonon akuya, ta miƙo hannu. Ta juya tukunyar, ta sa babban yatsanta a wani ɗan lotsawa da ke gindin. Ya zauna daram.

Ta ce, "'Yata, ni na gina ta."

Da Hausa ta faɗa. Hausa tsantsa, irin ta tsofaffi, wadda ban ƙara ji ba tun rasuwar uwata. Shekara da shekaru ina ciniki da matar nan da gurgun Larabcina, ba ta taɓa nuna mini tana jin Hausa ba.

Na ce, "Hala, ke kuma a ina?"

"Wata Bahaushiya, Inna Kande, ita ce ta shayar da ni da uwata ta rasu. Ita ta koya mini gini. Ita ma a hanyar zuwanta Makka ta koyi wannan bakin tukunyar, wajen wata mata a Sudan. Nan garkena yake kafin ruwa ya binne shi." Ta shinshina hayaƙin. "Awakina dai ba su taɓa samun turare ba, da suna sha a cikinta."

Matan suka kwashe da dariya, wata har shayi ya sarƙe ta. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, ga kaskon turare a hannu yana ta hayaƙi. Hala Salha ba ta yi dariya ba. Ta jawo ni ta zaunar kusa da ita, ta ce zanen wuyan kam na Inna Kande ne, ban yi ƙarya ba a nan.

Ana cikin haka Rabi ta matso ta durƙusa. Ta ce, "Kaka, za ki koya mini?" Da Hausa, a gaban kowa.

Abin da na kasa da kakannin da na tono, Balarabiya mai nono ta yi shi da buɗe baki ɗaya. Tun daga ranar, in ƙasa ta ba ni abu, sai na zagaya na tambayi tsofaffin da ke numfashi kafin in hura garwashi. Tukunyar tana nan. Kaji ke sha a ciki.