Ranar da Na Ɓuya a Ƙarƙashin Kujerar Metro

Ba zan taɓa mantawa da wannan hannun ba. Yana riƙe da ƙarfen jirgin metro a ɓangaren iyali, ni kuma ina ɓangaren maza ina leƙensa daga nesa. Lalle ne ja har wuyan hannu, irin ƙunshin gida. Fuskar ban gan ta ba, niƙabi ya rufe, amma ni da na tashi a kan littattafan soyayya na bakin kasuwa, hannu ma ya ishe ni. Nan da nan na raɗa mata suna, na ba ta uba mai tsanani, mun rabu da kuka, mun shirya. (Daga wurin gini nake, zan koma unguwar Al-Naseem a Riyad, rigata duk siminti.)

Ina cikin zaɓen sunan ɗanmu na fari jirgin ya yi wata girgiza, ya ja da ƙyar ya shiga tasha, ya tsaya. Aka yi magana ta lasifika. Larabcina na aiki ne, kawo, ɗauka, yalla, don haka ban tsinci komai ba. Sai na ga kowa yana fita, ma'aikata cikin kayan aiki kuma suna shigowa suna duba tarago ɗaya bayan ɗaya.

Iƙamata, takardar zaman ƙasa, ta ƙare, kafil, ubangidan da ya kawo ni, kullum sai ya ce min bukra, wato gobe. A ɗakinmu kuwa ba a kwana ba a yi hirar wanda aka kama aka tusa ƙeyarsa gida da kayan jikinsa ba. Na ce shi ke nan, samame ne, a bakin ƙofa za su tace mu. Na tuna mahaifiyata da take gaya wa maƙwabta ɗanta yana Saudiyya. Ban san lokacin da na durƙusa na cusa kaina ƙarƙashin kujera ba. (Kai da kafaɗu ne suka shiga. Sauran jikina yana waje.)

Jirgin ya yi tsit. Takalma suka matso suka tsaya daidai hancina.

"Ya akhi, inzil," in ji mai takalmin, wato in sauka.

Na runtse ido. Ya maimaita, ya kira wani, shi ma ya gwada da Turanci. Ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta cin abinci.

Can sai na ji Hausa.

"Kai ɗan nan, me kake nema a ƙasa?"

Na buɗe ido ɗaya. Hannun nan ne mai lalle, ya dafa kujera. Daga kusa na ga jijiyoyi da tamoji, muryar kuma ta sa'ar kakata ce. Ashe ma'aikatan sun fita neman mai jin yarena.

"Hajiya, ki rufa min asiri, iƙamata ta..."

"Rufe min baki, wa ya tambaye ka? Jirgin ne ya lalace, za su janye shi su kai gyara. Kai kaɗai ake jira, ka tare wa duniya hanya."

Amma ma'aikacin ya ji kalmar, na ga ya ɗaga gira. Hajiya ta juya ta zazzaga masa Larabci, miskin, ta'aban, wai jiri ne ya kayar da ni. Kafin in miƙe sai ga keken marasa lafiya.

"Hajiya, zan iya tafiya."

"Zauna. Tunda na ce ba ka da lafiya, sai ka yi rashin lafiyar."

Haka aka turo ni ta tsakiyar jama'ar da na ɓata wa lokaci, ana tura min robar ruwa a baki, wani dattijo yana yi min fifita da kwali. Jirgin ya ja babu kowa a ciki. Ba wanda ya nemi takardata. Tun ranar, in na ga ana fita, sai na tambayi na kusa da ni dalili kafin in nemi maɓoya.

Hajiyar 'yar Maraɗi ce, girki take yi a wani gida a Al-Shifa. Ta koma gida tuni, ta buɗe wurin sayar da abinci a bakin tasha. Wani sabon zuwa ne ya gaya mana a ɗaki, ya ce duk wanda zai taho Riyad sai ta ba shi labarin wani ƙaton Bakano da ya suma a ƙarƙashin kujera yana kiran uwarsa. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, na ce Allah ya kyauta, wasu mutanen ba su da zuciya.