L na Lafiyayye, R na Rabin-ji

Wani ne, mai gyaran janareta, ciwon gem ya kama shi da girmansa. Ba yaro ba ne fa. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, har furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Amma duk Asabar da Lahadi da yamma sai ya wanke baƙin man hannunsa, ya jawo kujerar roba gaban talabijin, ya ɗauki hannun gem ya tafi yaƙi. Irin gem ɗin nan ne na harbe-harbe, mutum huɗu suna karawa da huɗu, kowa yana gidansa, ana magana ta makirufo.

A ƙungiyarsu akwai Kyaftin, tela ne, mutum mai ƙa'ida, ko aljihu zai yanka sai ya gwada sau uku. Akwai Likita, wanda ba likitan komai ba ne, kantin magani yake tsaro. Akwai Dogo, direban tanka. Sai shi mutumin namu, wanda suka laƙaba wa Gawar Fari. Kuma sunan bai zalunce shi ba. Kafin Kyaftin ya gama cewa a rarrabu, an riga an kwantar da shi. Sauran mintunan a kwance yake yin su, yana kallon takalman mutane a allo yana ba da shawara.

Kullum kuma akwai mai laifi. Yau intanet ne, gobe hannun gem ne, jibi yara ne suka gifta. Sau ɗaya dai bai taɓa zama shi ba.

Ana nan sai aka sa gasa, sati uku, wanda aka ci ya fita, da kofi a ƙarshe. Kyaftin ya kira shi ya faɗa masa a fili cewa dama ɗaya ta rage masa. In ya ci gaba da mutuwa a ƙofar shiga, za su ba ƙanin matar shi Gawar Farin gurbinsa. Wannan ƙanin ma'aikacin banki ne. Duk Lahadi yana zuwa ya ci abincin gidan, ya miƙe ƙafa a kan doguwar kujera, ya riƙa cewa "Sannu Yaya, an sake kashe ka?" Mutumin namu ya ji maganar har ƙashinsa. Ya gwammace a ƙwace masa akwatin sifana da ya ga hannun gem ɗinsa a hannun wannan.

Likita ne ya ba shi shawara. Ya ce matsalarsa ba a yatsu take ba, a kunne take. Mutane suna wasa da hedifon mai nuna inda sauti ya fito, su ji takun abokin gaba daga dama ko hagu tun kafin ya bayyana, shi kuwa yana fama da lasifikar talabijin mai kukan kwaɗo.

Washegari ya rufe shago ya nufi kantin kayan gem. Mai kantin irin mutanen nan ne da ba sa numfashi tsakanin magana da magana. Ya zube masa kwalaye a kan kanta, ya ɗaga ɗaya ya ce wannan sautinsa bakwai da ɗigo ɗaya ne, kamar an kewaye mutum da lasifika bakwai.

Mutumin ya shafa kansa ta nan, ya shafa ta can.

"Biyu gare ni. Sauran biyar ɗin ina za su shiga?"

"Oga, ai a cikin ƙwaƙwalwa ake rarraba su."

"To madalla. Nan kam akwai fili."

Mai kanti ya ce akwai iri biyu. Mai buɗaɗɗen baya ya fi faɗaɗa sauti, mutum ya ji nisa da kusa sarai. Mai rufaffen baya kuma ya fi toshe hayaniyar gida. Shi da za a bi tasa, da buɗaɗɗen za a ɗauka.

"Kai, ka ji mugu," in ji mutumin. "Ni da kullum ta baya ake harbina, za ka ba ni mai buɗaɗɗen baya? Ba ni rufaffe. In akwai mai kwaɗo ma, shi nake so."

Aka zo kan mai waya da mara waya. Mai kanti ya fara bayanin batir da jinkirin sauti, mutumin ya katse shi ya ce a ba shi mai waya, domin a gidansa duk abin da ba a ɗaure ba ƙafa yake yi. Sai makirufo. Aka nuna masa wani siririn sanda da yake manne da hedifon ɗin, aka ce yana tace hayaniya, ba ya ɗaukar komai sai abin da ke gabansa.

"Har muryar mai ɗakina yana tacewa?"

"Oga, injiniyoyi ba su kai nan ba tukuna."

Da mai kanti ya ɗauko zai nuna masa yadda ake sawa, sai ya fizge kayansa. Ya ce shi ne fa yake kwance janareta ya mayar, har kusoshi su yi saura. Ba abin kunne za a koya masa ba.

Da ya isa gida ya buɗe kwali, sai ya ga an rubuta L a ɓari ɗaya, R a ɗayan. Ya duba ko zai ga D na dama da H na hagu, babu. Ya zauna ya yi zurfi cikin tunani. To, shekara ashirin yana durƙushe a jikin janareta, ƙara ta cinye masa rabin kunnen hagu, na daman ne kawai garau. Can sai ya buga cinya.

"Ka ga masu ilimi. Ba su taɓa ganina ba, amma sun san da ni. L, Lafiyayye. R, Rabin-ji."

Ya ɗora L a kunnen dama, R a na hagu. Sai sandan makirufon, wanda gefe ɗaya kawai yake lanƙwasuwa, ya miƙe ya nufi ƙeyarsa. Da wani ne, da ya tsaya ya yi tunani. Shi kuwa daɗi ya ƙara ji, ya ce ashe har wannan sun tanada, an sa masa mai gadi a baya don ya riƙa jiyo masu lallaɓowa.

Ranar gwaji, abokan suka jiyo muryarsa kamar daga cikin tankar Dogo. Amma matarsa, malamar firamare ce, tana zaune a bayansa tana duba littattafan ɗalibai, ita kam tas suke jin ta. Suna jin ƙarar bironta, suna jin tsakinta, suna jin tana cewa babba da shi ya ɗaura tukwane a kunne, ga famfon banɗaki yana zuba tun watan jiya.

Aka fara wasa. Sai ya ji taku, ya ce hagu. Duka suka juya hagu, aka share su ta dama. Aka sake, ya ce dama, aka share su ta hagu. Aka sake, haka. Dogo ya ce a kira ɗan banki yanzu-yanzu, ba sai gobe ba.

Amma tela tela ne, sau uku ya gwada. Ya kira Likita da Dogo a waya ban da mutumin. Ya ce su lura da abu biyu. Na farko, mutumin nan yana jin taku kafin kowa, domin wanda ya saba gano ciwon janareta da sauti, rabin kunnensa ya fi nasu biyu-biyu. Na biyu, bai yi daidai ba ko sau ɗaya.

"Wanda yake kuskure yau ya dace gobe, shi ne bala'i," in ji Kyaftin. "Wanda yake kuskure kullum ai kayan aiki ne. In ya ce dama, mu yi hagu. In ya ce hagu, mu yi dama."

Likita ya tambaya ko za a gaya masa. Kyaftin ya ce kada wanda ya kuskura, domin in ya sani zai ce zai gyara, kuma kowa ya ga janaretan da ya gyara.

Haka aka shiga gasa. Satin farko suka ci. Sati na biyu suka yi wa wasu matasa masu tabarau kaca-kaca. Shi dai mutumin namu har yanzu shi ne gawar fari, don shi kaɗai ne yake bin umarnin kansa. Zai ce hagu, ya juya hagu da gaskiyarsa, a ɗirka masa a ƙeya. Amma ko a kwance kunnensa yana aiki, yana ta kiran kwatance, su kuma suna juya shi suna cin nasara.

Kai, zo ka ga fankama. Ya fara zuwa shago da hedifon a wuya, wayar tana jan ƙasa. Duk wanda ya kawo gyara sai ya sha lacca a kan sauti bakwai da ɗigo ɗaya kafin a taɓa masa inji. Ya ce shi ne kunnen ƙungiya. Da ƙanin matarsa ya tambaye shi me ya sa kunnen yake riga kowa mutuwa, sai ya ce wannan sadaukarwa ce, ba a koyar da ita a banki.

Ranar wasan ƙarshe, Lahadi da rana, saura awa ɗaya a fara, sai ga matarsa ta dawo daga kasuwa ranta a ɓace. Ta haɗu da matar Likita, wadda ta yi mata jajen famfon banɗaki, ta kuma tambaye ta ko hedimastan nasu har yanzu yana barci a ofis. Maganar da ba ta taɓa yi da kowa ba sai da littattafan ɗalibai. Ta ajiye kwando, ta tsaya tana kallon sandan nan da ya yi sati uku yana nuna ta. Ta cire hedifon ɗin daga kansa, ta juya, ta karanta.

"Baban yara, wa ya ce maka haka ake sawa?"

Ya yi mata bayanin Lafiyayye da Rabin-ji, a tsanake, irin bayanin da ake yi wa wanda bai yi nisa a karatu ba. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce L hagu ne a Turanci, R kuma dama, 'yan aji ɗayanta ma da waƙa suke yin sa. Ya ce Turancin makaranta daban, na injiniyoyi daban. Ta juya abin ta kifa masa a ka, sai ga makirufo ya sauko ya tsaya daidai bakinsa.

Ya kunna wasan gwaji don ya ƙaryata ta. Ya ji taku ta dama, ya juya dama, sai ga mutum a tsaye. Ya danna, mutumin ya faɗi. Tunda ya fara gem bai taɓa ganin wani ya riga shi faɗuwa ba. Wallahi har idonsa ya kawo ruwa. Matar ta ce to ya kira abokansa ya gaya musu. Ya ce ina, ai mamaki zai ba su. In da a karkace ya kawo su wasan ƙarshe, yau da yake a miƙe sai dai a tausaya wa abokan gaba.

Ƙanin matar ya iso, ya miƙe a doguwar kujera da faranti a ciki. Aka haɗu a layi. Kyaftin ya ce yau kuma muryarsa ta fito tas, ko ya sha magani ne? Ya ce su dai su zuba ido.

Aka fara. Abokan gaba suka shige wani bene, wuri ya yi tsit. Mutanen namu huɗu suna tsakar fili, kowa ya riƙe numfashi yana jiran kunnen ƙungiya. Can ya jiyo su, taku uku suna saukowa a hankali, sarai kamar a cikin ɗakinsa.

"Dama. Su uku ne, dama."

Kyaftin da Likita da Dogo suka juya hagu a tare, kamar sojoji a fareti, suka miƙa wa mutane bayansu. Ba a ɓata harsashi ba. Shi kaɗai ya juya dama, ya kayar da ɗaya, ya tsinci kansa a tsaye shi ɗaya tilo a filin yaƙi. Bai taɓa zuwa wannan wurin a gem ba, bai san me ake yi a nan ba. Daƙiƙa huɗu ya yi kafin ya zama gawar ƙarshe.

Zagaye na biyu ya ce hagu, suka yi dama. Na uku ya ce dama har sau uku yana buga ƙafa, suka yi hagu har da gudu. Kofi ya tafi. A layin babu abin da ake ji sai ƙarar cokalin ɗan banki, wanda makirufon ya kasa tacewa.

Sai mutumin ya fashe. Ya ce shi bai taɓa ganin kurame irinsu ba. Ya ce dama sun yi hagu, ya ce hagu sun yi dama, alhali yau ne ma aka gyara masa hedifon, yau ne kowace kalma tasa take kan layi.

"Aka gyara?" in ji Kyaftin, a hankali. "Wa ya gyara?"

"Mai ɗakina. Ashe duk sati ukun nan a juye nake sa shi."

Dogo ya yi wani dogon tsaki. Sannan Kyaftin ya ce ya miƙa wa ƙanin matarsa hannun gem ɗin, daga yau shi ne na huɗunsu. Ɗan banki ya ajiye faranti, ya goge hannu a wando, ya miƙo tafi yana cewa sannu Yaya.

"Kyaftin, ka ji tsoron Allah. Sai ranar da na yi daidai za ku kore ni?"

"Ai shi ne laifin naka. Sati uku mun amince da kai, mun dogara da kuskurenka. Wa ya aike ka ka yi daidai ba ka sanar da mu ba?"